Gadar ƙarfe ta ƙaramin layin dogona: yadda aikin ke tafiya

6 ga Janairu

To yau dai na tsayar da magana kan gadar da za ta tsallake kwarin nan da na bari a tsakiyar teburin da nake gina samfurin ƙaramin layin dogona a kai. Ma'aunin da nake aiki da shi HO ne, wato 1:87, tazarar ƙarafan dogon biyu milimita 16.5, ita ce ke tsayawa a madadin mita 1.435 na layin gaske. Akwai gadoji na haɗawa da kamfanoni irin su Atlas da Walthers da Micro Engineering da Central Valley ke yi, kuma wallahi wasunsu sun yi kyau ba laifi, sai dai su tsawonsu a yanke yake, ni kuma ramin da nake da shi ba don su na haƙa shi ba, don haka da hannu zan ƙera tawa daga fallen robar sitarin.

Irin gadar da nake so ita ce mai bim biyu na farantin ƙarfe, wato dogayen ƙarafan kwance da ke ɗaukar nauyin gadar, wadda aka haɗa da ribit, wato ƙusar ƙarfe da ake daka kanta ta kama, irin ta zamanin jirgin tururi. Kala biyu ce. Akwai wadda jirgi ke bi ta kan bim ɗin, komai na ƙarfe yana ƙasa, akwai kuma wadda jirgin ke ratsawa ta tsakanin bim biyun suna tsaye hagu da dama kamar katanga. Mutane sun fi son ta biyun don ita ake gani sosai a hoto, amma injiniyoyin gaske ba sa zaɓenta sai dole, sai in wurin da ke ƙarƙashi ya matse, misali titi ne zai wuce ko wani layin dogon, saboda ta fi cin ƙarfe, sai an ƙara mata bim na gicciye da na tsaye a ƙarƙashin layin. Ni kwari ne mai zurfi da ɗan rafi, babu abin da zai bi ta ƙasa, kaga kenan in na sa ta biyun duk wanda ya san harkar zai ce me ya kawo wannan nan. Ta farkon zan yi.

11 ga Janairu

Yau lissafi ne zalla, ban taɓa reza ba. Kuma ina ganin nan ne ake cin wasan ko a faɗi, don gadar da ta fito kamar kayan wasan yara yawanci ba fenti ne matsalarta ba, siririya ce ta yi yawa ga tsawonta, ido yana kallo ya san ba za ta ɗauki jirgi ba ko da mai kallon bai taɓa karanta injiniyanci ba.

Abin da aka saba a irin waɗannan gadoji na jirgin ƙasa shi ne zurfin bim ya kai kamar kashi 1 cikin 10 zuwa 1 cikin 12 na tsawonsa. Na ɗauki gadar gaske mai mita 24, in ka raba da 87 za ka samu milimita 276, daidai da ramin nawa har da ɗan wurin zama a kowane gefe. Zurfi na ba ta mita 2.2, ya zama milimita 25. Tsakanin bim da bim mita 2.1, wato milimita 24, kenan kowane bim ya ɗan fita waje da ƙarfen dogon da ke kansa kaɗan, haka ake yi don kar gadar ta yi saurin karkata. Faɗin leɓen sama da na ƙasa, wato ƙarfen da ke kwance a saman bim da ƙasansa, santimita 40, ya zo milimita 4.6.

Me ya sa zurfin yake da muhimmanci haka, ɗauki rular roba ka kwantar da ita tsakanin littafi biyu ka danna tsakiya, nan take za ta lanƙwashe, yanzu tsayar da ita a kan gefenta ka sake dannawa, ko gezau. To bim kenan. Leɓen sama nauyi na matse shi, leɓen ƙasa nauyi na jan sa, shi kuma farantin tsakiya aikinsa ya riƙe su nesa da juna. Duk wani ƙaramin abu da zan manna a jikin gadar nan daga wannan maganar ya samo asali, shi ya sa na daɗe a kanta.

Wani abu da ya kamata mai irin wannan aikin ya sani, a Amurka har yau da tsarin da injiniya Theodore Cooper ya fitar a 1894 ake faɗin ƙarfin gadar jirgi, E-80 na nufin kowane gatari, wato sandar da ke haɗa tayoyi biyu masu jan injin, yana ɗora fam 80,000, kusan tan 36. Tsofaffin gadoji an yi su ne don nauyin da bai kai haka ba. Amfanin wannan a wurinmu shi ne, in manyan injina masu nauyi kake tuƙawa a kan teburinka to ka ba gadar jiki, ka karkata wajen 1 cikin 10, in kuwa ɗan layin reshe ne mai ƙananan taragu za ka iya sassautawa. Nawa yana tsakiya.

19 ga Janairu

Na yanka farantan tsakiya guda biyu daga sitarin mai kaurin rabin milimita. A gaskiya farantin gaske bai fi milimita 12 zuwa 16 ba, in aka bi lissafi sai ya zama siririn da ko riƙe shi ba za ka iya ba, amma tunda ba a ganin kaurinsa bayan an rufe shi da leɓe sama da ƙasa, babu wanda zai kama ni. Sitarin ba a yanka shi har ƙasa, ka ja reza a jikin rular ƙarfe kaɗan kaɗan ba tare da dannawa ba sai ka karya, ya fi fita a miƙe. Na haɗa biyun fuska da fuska na goga gefunansu tare a kan samfefa da na manna a jikin gilashi don tsayinsu ya zo ɗaya, don in ɗaya ya fi ɗaya ko da kwatan milimita ne layin dogon zai karkace kuma tarago zai nuna maka.

27 ga Janairu

Leɓuna da haƙarƙari. Nan ne aikin ya fara daɗi.

A gadar ribit ta gaske leɓe ba abu ɗaya ba ne, angul biyu ne, wato ƙarafa masu siffar L, ake kamawa a gefen farantin tsakiya, ɗaya ta nan ɗaya ta can, sannan a shimfiɗa dogon faranti a kansu. To ga abin da yawancin masu yi ke tsallakewa, wannan farantin na sama ba ɗaya ba ne tun daga farko har ƙarshe. A tsakiyar gada, inda nauyi ya fi son lanƙwasa ta, ana jera su biyu ko uku a kan juna, na farko ya tafi har ƙarshe, na biyu ya tsaya a hanya, na uku ya fi shi gajarta. In ka kalli gadar daga gefe za ka ga leɓen ƙasa yana ƙara kauri mataki mataki yayin da kake matsowa tsakiya. Na yi nawa da siraran sitarin na milimita 0.25, na farko cikakken tsawo, na biyu kamar kashi biyu cikin uku, na uku kamar kashi ɗaya cikin uku. Abu ne ɗan mitsitsi amma da na ɗaga bim ɗin a gaban fitila sai ga inuwar matakan nan ta fito, gadar ta fara kama da abin da aka yi wa lissafi.

A leɓen sama kuwa na bar faranti ɗaya kawai miƙe, don katakan layin su zauna lebur. A gadar gaske ana sassaƙe cikin kowane katako daidai da kaurin ƙarfen da ke ƙarƙashinsa, ni kam ba zan shiga wannan wahalar a kan abin da katako zai rufe ba.

Haƙarƙarin kuma, wato angul ɗin da ke tsaye daga leɓe zuwa leɓe, aikinsu su hana siririn farantin tsakiya lotsawa. Su akasin leɓe suke, sun fi matsuwa a bakin gada kusa da inda take zaune, don can ne ƙarfin da ke son tsage farantin ya fi yawa, a tsakiya kuma su ɗan sake. A daidai kan mazaunin ma ana jera su biyu biyu dab da juna. Na fara da tazarar milimita 10 a gefe na buɗa ta a hankali har 18 a tsakiya. Gadar da aka jera wa haƙarƙari daidai wa daida tun daga farko har ƙarshe akwai ta a duniya, ba wai babu ba, amma ni wannan ta fi burge ni don tana nuna inda nauyin yake bi.

Gam ɗin sitarin ruwa ne, narkar da robar yake yi su haɗe, da ɗan siririn burushi ake ɗiga shi a bakin haɗin shi da kansa zai bi ciki. Ya yi yawa kuwa farantin zai kumbura ko ya ɗauki zanen yatsanka, kuma a buɗe taga don warinsa ba na wasa ba ne. Na danne bim biyun a ƙarƙashin gilashi da nauyi a kai su kwana.

2 ga Fabrairu

Ban yi komai ba sai duba hotunan gadojin gaske daga ƙasa. Masu ɗaukar hoto duk jirgin suke bi, da ƙyar ka samu wanda ya sunkuya ya ɗauki cikin gadar.

9 ga Fabrairu

Ribit. Wanda aka fi amfani da shi a gadoji mai kaurin milimita 22 ne, kansa kuma ya kai kamar 36, a HO ya zama milimita 0.4. Hanya biyu na gwada a kan guntayen da suka rage. Ta farko ka samu siririn falle ka dinga danna allura marar tsini ta baya ƙullutun ya fito ta gaba, tana yi, amma fallen yana miƙewa ya lanƙwashe kuma da wuya hannu ya danna su da ƙarfi ɗaya, wani ya fito ƙato wani da ƙyar ake ganinsa. Ta biyu ita ce ribit na resin, wato ruwan roba mai daskarewa, da ake bugawa a kan takardar da ake jiƙawa a ruwa a zame, irin wadda kamfanin Archer suka yi suna da ita, layi layi ne a shirye, ka yanko ka ɗora. Ita na ɗauka. Sai dai tana son wuri mai santsi, don haka na fara fesa ɗan fenti mai sheƙi tukuna.

Inda suke zama shi ne layi a jikin angul na sama, layi a na ƙasa, layi a kan kowane haƙarƙari, sai kuma wurin da aka yi wa farantin tsakiya haɗi, don a zamanin ribit ba a cika samun faranti ɗaya mai mita 24 ba, a nan ake ɗora faci mai layukan ribit da yawa a jere. Na sa faci biyu a kowane bim. Aikin na cin ido sosai, da hantsaki da tabarau mai ƙara girma nake yi kuma ina tashi ina miƙe baya. Fuskar bim ta ciki ban sa mata ko ɗaya ba, kuma ban ji kunya ba.

Wanda yake yin layin zamani zai iya hutar da kansa gaba ɗaya, tun wajen shekarun 1950 zuwa 1960 walda da manyan kusoshi masu noti suka ture ribit, bim ɗin yanzu sumul yake, leɓe faranti ɗaya mai kauri. Sauƙi kam akwai, amma ba ya da abin kallo.

16 ga Fabrairu

Na haɗa bim biyun. Na kafa ƴan katakai a kan allo da tazarar milimita 24 don su riƙe su a tsaye, na duba da sukwaya, sannan na saka gicciyen ciki masu siffar X, ɗaya a kowane ƙarshe sauran a rarrabe a tsakani, kowanne a daidai bayan haƙarƙari don a can ake ɗaure su a gaske. Bayan haka sai na kwance masu tafiya a karkace daga wannan bim zuwa wancan a matakin leɓen sama, su ne ke tare iska da girgizar jirgi ta gefe. Waɗannan za a gan su ta tsakanin katakai in an leƙo daga sama shi ya sa ban yi musu ha'inci ba. Kafin a saka su abin lagwai lagwai yake a hannu, ana gamawa ya zama akwati, na murɗa shi a hankali ya ƙi.

Na fesa wa cikin baƙin fenti tun yanzu don in katakai suka hau babu ta inda burushi zai shiga.

24 ga Fabrairu

Katakan gada daban suke da na sauran layi, kuma wannan shi ne abu na biyu da ke tona asirin gadar da aka yi da gaggawa, mutum ya ɗauko layin da ya saba shimfiɗawa a kan tsakuwa ya ɗora a kan bim haka nan. A buɗaɗɗiyar gada babu tsakuwa, katakon ne da kansa ke kai nauyi daga ƙarfen dogo zuwa bim, don haka ya fi kauri, ya fi tsawo, kuma a matse suke. Na ɗauki mai santimita 20 kowane gefe da tsawon mita 3, ya zama milimita 2.3 da tsawon 35, tazara tsakaninsu kamar milimita 1.5. Micro Engineering na da layin gada a shirye mai irin wannan jerin ga wanda ba ya son yanka, ni dai katakon gaske nake so don yadda yake shan launi roba ba ta yi.

Kafin mannawa na karce su da burushin waya a bin tsawo, na tsoma su cikin baƙar tawada da aka sirka da sifirit, wasu na cire da wuri wasu na bar su sun jima, har da ƴan kaɗan da na ƙara wa ruwan ƙasa mai duhu kamar sababbin da aka canza. Katakon gaske da maganin kiriyosot ake jiƙa shi, sabo yana da duhu sosai, rana da ruwa su mai da shi toka toka. A gefe biyu kuma na shimfiɗa dogayen katakai a kan bakinsu, su ne ke hana su matsawa su haɗe wuri ɗaya.

3 ga Maris

Ƙarfen dogo ya hau. Mai lamba 83 ne irin na sauran layin, lambar tsayin ƙarfen take nunawa, na shafa wa ƙasansa gam na roba na bar shi ya bushe, na ɗora, na bi shi da kan abin dalma mai zafi gam ɗin ya farka ya kama, ma'aunin tazara yana riƙe da shi ina matsar da shi gaba. Ban yanke ƙarfen a daidai bakin gada ba, na bar shi ya zarce santimita biyar kowane gefe ya hau tudu, don haɗi a daidai bakin gada nan ne taya ke tuntuɓe. Wayoyin wuta ma a can waje na yi musu dalma, babu waya ko ɗaya da ke lilo a ƙarƙashin bim.

Sai ƙarafan kariya guda biyu a ciki, waɗanda in tarago ya sauka daga layi za su riƙe tayarsa kar ya faɗa kwari. Na yi su da mai lamba 70 don su ɗan fi na tafiya gajarta, kaga in ina goge layi ba zan kankare musu tsatsarsu ba. Bakinsu na lanƙwasa suka nufi juna bayan sun fita daga gadar amma na bar ɗan gibi ban bari sun taɓa ba, saboda taya ta ƙarfe in ta goga ɗaya kar wuta ta tsallaka ɗaya gefen.

12 ga Maris

Kafaɗun gada, wato ginin da take zama a kai a kowane gefen kwari, da takalmanta. Bim ba ya zama kai tsaye a kan siminti, akwai ɗan takalmin ƙarfe a ƙarƙashin kowace kusurwa, huɗu kenan. Biyu na gefe ɗaya a kafe suke, biyu na ɗaya gefen suna zamewa ko suna kan rola, dalili kuwa ƙarfe na miƙewa da zafi, gada mai mita 24 in yanayi ya sauya da digiri 40 za ta ƙaru da kusan milimita 12, in ba ta da wurin tafiya sai ta tsaga ginin. Na yi su da guntayen sitarin, na gefen motsi na jera masa ƴan sandunan waya a ƙasa. Wannan ɗan hasken da ke ratsawa tsakanin bim da siminti shi ke sa ido ya yarda cewa ɗora gadar aka yi, ba manna ta aka yi a jikin dutse ba.

Kafaɗar na zuba ta da filasta a mazubin da na yi da allunan katako sirara a jere, don zanen allon ya fito a jiki kamar tsohon siminti. Tana da mazauni inda takalma ke hawa, da ɗan bango a baya mai tare ƙasa da tsakuwa, da fukafukai biyu a gefe. Tsayin mazaunin daga saman ƙarfen dogo na auno shi zuwa ƙasa, ba daga ƙasan kwari zuwa sama ba, na bar shi ya ɗan gaza sannan na cike da siraran falle har lebur ya zauna.

21 ga Maris

Fenti. Tsofaffin gadoji da jan fentin dalma ake fara shafe su kafin baƙi ko ruwan toka ya hau, don haka na fara da ja mai ɗan ruwan lemo, na bi da baƙi wanda na sirka da toka kaɗan, don baƙi tsantsa a wannan girman yana haɗiye ribit ɗin da na sha wahala a kansu. A ƴan wurare na goge baƙin kaɗan jan ya leƙo.

Tsatsa kuma ba ko'ina ake watsa ta ba. Inda ruwa ke kwanciya take, wato saman leɓen ƙasa, gindin haƙarƙari, kewayen takalma, sai kuma zirin da ke gangarowa daga ƙarƙashin katakai. Na ɗiga fentin mai ruwan ƙasa ɗigo ɗigo na ja shi ƙasa da burushi mai ɗan danshin tina, a miƙe, don ruwa ba ya gangara a karkace. Har jikin simintin ƙarƙashin takalma na ja masa ziri biyu. Gadar da jirgi ke bi kullum ana kula da ita, in ka yi mata tsatsa kamar an yi watsi da ita shekara hamsin to ka ƙaryata jirgin da ke kanta.

29 ga Maris

An gwada. Na fara tura tarago ɗaya da yatsa ina sauraron bakin gada, babu ƙaras, sannan injin mafi nauyi da nake da shi, kusan rabin kilo, a hankali gaba da baya, sannan da jerin taragu yana turawa ta baya don a nan ne matsala ke fitowa in akwai. Na kafa rula a tsakiyar bim ina kallo, bai sauka ba. Ma'aunin tazara na NMRA, wato ƙungiyar masu ƙaramin layin dogo ta Amurka, ya wuce tsakanin ƙarafan kariya ba tare da ya kama ba.

Gadar ban manna ta ba tukuna, tana zaune ne kawai a kan takalmanta ƙarfen dogo na riƙe da ita, don sai na ciro ta kafin in fara aikin rafin. Saura in toshe duk wata kafa a ƙasan kwarin, in fente shi duhu a tsakiya haske a gefe, in jera duwatsu, sannan resin da zai zama ruwan rafin, shi ma siriri siriri zan zuba don mai kauri yana zafi kuma yana hawa jikin duwatsu. Ina kuma tunanin ko in ƙara ɗan dandamalin tsayawa na ma'aikata a gefe ɗaya, amma a mita 24 anya yana buƙata, zan sake duba hotuna in sha Allah kafin in yanke.